Gaisuwar Ƙofar Hubbaren Dutsen Shuɗi

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa ya tsaga mata hanyoyi, ya halicci harshe ya ɗora masa ladabi. Bayan haka, ni ne Malam Sambo ɗan Alƙali Barmo, wanda ya yi karatu tun zamanin da ɗalibi ba ya ɗaga ido ya dubi malaminsa, ba ya kuma buɗe sabon babi sai na baya ya zauna masa daram. Ku gyara zama ku ba ni kunnuwanku, domin ba na maimaita magana, ba na kuma tsallake ta.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, shi ya taɓa gaya mini cewa wannan gaisuwa da muke yi, ina kwana, ina gajiya, ina gida, ɓurɓushi ce kawai ta wata Cikakkiyar Gaisuwa da mutanen farko suka sani. Ya ce ba ta saura ko'ina ba sai a ƙasar Kurmazan, can bayan inda fatake ke juyowa, a hubbaren wani bawan Allah da ake kira Mai Sallama. Da furfura ta kama ni, na duba na ga babu wani fanni da ban leƙa ba sai wannan, sai na ɗaura rawanina, na ɗauki sanda da buta, na kama hanya.

Na ratsa dajin da itatuwansa ke tattaki zuwa kogi da yamma su sha ruwa su koma mazauninsu, har matafiyin da ya ɗaure jakinsa a jikin ɗaya sai ya bi shi bakin ruwa ya kwance. Na sauka a Birnin Ƙarau, inda ganuwa da ɗakuna duk na gilashi ne, mutanensa kuma da gira suke gaisawa don kada murya ta tsaga bango. Na koyi tasu gaisuwar, ban same ta da wani nauyi ba.

Inda na kusa makalewa shi ne Garin Rakiya. Al'adarsu, in baƙo zai tafi mai masauki ya raka shi bakin gari, shi kuma baƙo ba shi da halin barin mai masauki ya koma shi kaɗai, sai ya rako shi gida, shi kuma ya sake raka shi. Na tarar da wani bafatake da ya shigo garin da baƙin gemu, ga shi ya yi fari fat, yana ta kai da kawowa tsakanin ƙofa biyu. Da na ga mun yi sawu har takalmina ya fara cinyewa, sai na tsaya na ce wa mai masaukina: "Ranka ya daɗe, a ƙasarmu babban mutum irinka ba a barin baƙo ya raka shi, sai a wakilta masa ɗan gari mai daraja daidai da tasa. Na wakilta maka mai masaukin wannan bafatake." Bafataken ya gane, shi ma ya wakilta nawa. Abin ya yi musu daɗi ƙwarai. Muka bar su suna raka juna, kuma ban ji labarin sun daina ba.

Da na shiga Kurmazan sai na tarar ƙasar ta rabe biyu. Sabon sarki ya kafa doka cewa duk mutanen tuddai su sauko su bar garuruwansu, domin yana son tuddan su zama wurin farautarsa. Suka ƙi. Wani saurayi mai suna Tunau ya ja gabansu, sarki kuma ya tura musu Jarmai Kandarke, shugaban mayaƙansa. Abin da kowa a ƙasar ya sani, amma ba mai faɗa da ƙarfi, shi ne Kandarke da Tunau ciki ɗaya suka fito, Kandarke ne babba.

Ni dai ba yaƙi ya kawo ni ba. Na bi ta gefen garuruwan da aka ƙone har na isa Dutsen Shuɗi, wanda launinsa kamar an tsoma shi a marina, hubbaren kuwa yana bisa ƙololuwarsa, da hanya ɗaya tak mai hawa, da ƙofa ɗaya wadda ba ta da ƙyaure. Mai tsaron wurin wata tsohuwa ce, Iya Kuluwa, ƙarama kamar a saka ta a aljihu, amma muryarta na kaiwa gindin dutse. A hannunta 'ya'yan ƙasar ke koyon ladabi suna yara, su share mata tsakar gida, su ɗebo mata ruwa.

Na gaishe ta da mafi kyawun abin da na iya. Ta saurara har na gama, sa'an nan ta ce: "To, ka yi atishawa. Yaushe za ka fara gaisuwar?"

Na haɗiye wannan, domin mai neman ilimi yakan haɗiye abin da ya fi shi ɗaci. Na fito da tawada da alƙalami, ta ce in mayar. Na ce to aƙalla ta gaya mini adadin ƙofofin gaisuwar, don da ƙofa-ƙofa suke kasa ta, in tsara karatuna yadda na saba. Ta ce: "Malam Na-sani, wanda ya ƙidaya ƙofofi fita yake nema. Zauna."

Na zauna. Ta fara da ƙofar kwana, sa'an nan ta gajiya, ta hanya, ta ruwan da baƙo ya sha a hanya, ta dabbar da ta ɗauko shi, har zuwa iyaye, da maƙwabta gida-gida, da gona, da rijiya. Kowace ƙofa da tsarin kalmominta da inda ake sauke murya. Ta kuma koya mini sharuɗɗanta, waɗanda a bakin ƙofar hubbaren kaɗai suke aiki. Wanda aka kira da suna aka gaishe shi, dole ya amsa. Ba a amsawa da lafiya lau sai in lafiyar ce, gaskiya tsantsa ake faɗa. Duk ƙofar da mai gida ya buɗe, baƙo zai mayar masa da ita, shi ma ya amsa da gaskiya. Muddin ana gaisuwa ba a zare makami. Wanda kuwa ya yi shiru ko ya juya baya shi ya yanke ta: in baƙo ne, ba mai sake bin sa ko cin abinci tare da shi, in kuma mai gida ne, alfarmar ƙofa ta faɗi a wannan yini. Al'adarsu ce, ni abin da na gani nake faɗa.

Muna cikin ƙofar rijiya aka ci mutanen Tunau da yaƙi a kwari. Suka hauro dutsen da matansu da tsofaffinsu da masu rauni. Iya Kuluwa ta tsaya a ƙofa ta ce duk wanda ya yi sallama ya shiga. Kafin rana ta faɗi rundunar Jarmai ta kewaye gindin dutse, tantuna kamar an shanya farin ƙyalle.

Ba su hau ba, don mayaƙan na jin nauyin wurin. Jarmai ya zaɓi ya bar yunwa ta yi masa aikin. Rumbun hubbare ya ƙare, aka koma ganye, daga ganye sai saiwa. Iya Kuluwa takan karɓi rabonta ta ce za ta ci an jima, in an juya ta miƙa wa mai shayarwa. Duk da haka ba mu fasa karatu ba ko na yini ɗaya, sai dai muryarta ta yi ta raguwa har sai na kanga kunne a bakinta. Ran da muka gama ƙofar makabarta, inda ake tambayar baƙo waɗanda ya binne, sai ta ce: "Saura ɗaya. Amma ba ta bakinka ba ce."

Wannan ya sosa mini rai. Na ɗauka don ni baƙo ne daga wata ƙasa take ɓoye mini, bayan duk sawun da na yi. Na haƙura, domin ba a jayayya da malami.

Fatan mutanen da ke cikin hubbaren guda ɗaya ne. In watan ziyara ya tsaya, jama'a za su kwararo daga kowane lungu na Kurmazan, kuma ba a yaƙi a Dutsen Shuɗi sai watan ya ƙare. Sarki ma ya san haka. Rannan da hantsi mai shela ya tsaya a gindin dutse ya ɗaga murya don kowa ya ji: sarki ya ce a kama hubbare kafin a ga wata, ko a kawo masa kan Tunau ko a kawo na Jarmai. Washegari kuwa ita ce ranar duban wata.

Tunau ya tara waɗanda ke iya tsayuwa, ya ce za su mutu a bakin ƙofa. Iya Kuluwa daga kan tabarmarta ta ce: "Kai, rufe mana baki. In kun mutu a ƙofa, wa zai share jinin, ni? A fita a gaishe shi."

Tunau ya ce: "Iya, wa ya iya ta yanzu? Ni a ƙofar gona na gudu."

"Na sani, ai har yanzu ina ajiye da bulalarka. Ga Malam Na-sani nan. Ya riƙe shi daga fitowar rana har a ga wata."

Tunau ya dube ni sama da ƙasa. Ya ce: "Baba Malam, rayukan mutanen nan ne fa za mu rataya a harshenka."

Na ce: "Yaro, ban taɓa fara babi na kasa kai shi ƙarshe ba."

Da gari ya waye na yi wanka, na naɗa rawanina yadda ya kamata, na tsaya a bakin ƙofa ba takalmi. Runduna ta hauro a jere, Jarmai a gaba, dogo, mai faɗin kafaɗa, idanunsa sun yi ja. Kusa da shi mai ganga, wanda aikinsa in shiru ya yi tsawo ya buga, a san an yanke gaisuwa. Na bari sai da ya matso inda zai ji ni sosai, sa'an nan na ɗaga murya: "Sallama gare ka, Kandarke, baƙon wannan ƙofa. Yaya ka kwana?"

Ya tsaya cik. Mayaƙa suka sauke makamai, ba tare da an ce su sauke ba. Ya dube ni kamar ya haɗiye ni, ya ce: "Ban runtsa ba. Kai fa, dattijo, yaya ka kwana?"

Na ce: "Na yi barci, sai dai ƙafata ta hagu ta dame ni."

Haka muka kama. Ya ce mini ƙasa-ƙasa, tsakanin ƙofar gajiya da ta hanya: "Tsoho, na ga dabararku. A nan na girma. Numfashinka zai ƙare kafin nawa." Na ce masa wannan ba ta cikin tsari, ya amsa abin da aka tambaye shi. Kuma in faɗi gaskiya, ya iya. Ban da ni, ban taɓa jin wanda ke sauke murya daidai kamarsa ba.

Ƙofofin farko ba su da wuya. Dokinsa ya rame, ruwan hanya ya gurɓace. Da muka shiga ƙofar maƙwabta sai amsoshin suka yi nauyi. Na tambaye shi maƙwabcin dama, ya ce ɗansa ya mutu a kwari. Na hagu, ya ce an yanke masa hannu. Na bayan gida, ya ce matarsa 'yar tuddai ce, ta tafi da yara, ba a san inda suke ba. Na bi unguwar gida-gida ban tsallake ko bukka ba, domin haka aka koya mini. Mayaƙa na tsaye suna jin sunayen gidajensu daga bakin shugabansu. Wani daga baya ya fara sheshsheka, na kusa da shi ya zungure shi.

Sai ya mayar mini da ƙofar: "Yaya mutanen gidan da kake tsaye a ƙofarsa?"

Na san za a zo nan, kuma na san sharaɗi. Na ce: "Saiwa suke ci, ita ma ta kusa ƙarewa. Masu iya ɗaga mashi ba su cika zaure ɗaya ba."

Na ji Tunau a bayan bango yana cewa: "Shi ke nan, tsohon nan ya gama da mu." Wani barde a bayan Jarmai ya yi dariya ya ce: "Ashe ma da tsintsiya za mu share su." Jarmai bai yi dariya ba. Ya ce: "Uwar gidan fa?"

Na ce: "Tana kwance. Rabonta take bayarwa, tana tsammanin ba mu gani."

Sai na buɗe ƙofa ta gaba.

Akwai ƙofar ibada, inda kowa ke ba ɗan'uwansa sarari ya gana da Ubangijinsa, ba a lissafa ta cikin shiru. A nan na yi azahar, na kuma yi la'asar da lokacinta ya yi, na jiƙa maƙogwaro da ragowar ruwan buta. Daga nan na ja ƙofar gona iya jan da tsari ya yarda, na tambayi gero, na tambayi dawa, na tambayi kabewar bayan danga. Na ja ta rijiya har guga da igiya. Rana ta karkata, ƙafata ta hagu ta mutu, na jingina da sanda. Na saci kallon yamma sai na ga hadari ya taso baƙi ƙirin, ya rufe daidai inda wata zai fito.

Ba abin da ya rage mini sai ƙofar makabarta. Na buɗe ta a hankali. Ya lissafa waɗanda ya binne tun farkon yaƙi, ɗaya bayan ɗaya, da na ɓangarensa da na ɗaya ɓangaren waɗanda ya sani tun suna yara. Ƙarshe ya ambaci mahaifiyarsa. Ya ce ta rasu da damina, shi kaɗai ya tsaya a kan kabarinta, kuma ta tafi tana tambayar ƙaninsa. A bayan bango na ji wani abu ya faɗi ƙasa, kamar mashi ya kuɓuce daga hannu. Tunau bai san ta rasu ba sai a lokacin.

Jarmai ya mayar mini, na lissafa nawa mamatan. Rana ta faɗi. Masu duban wata a kan soron hubbare suka yi ta leƙe, ba su ga komai ba sai gajimare. Ni kuwa na kai ƙarshen abin da aka koya mini. Ba na ƙirƙira a cikin karatu, kuma ko na ƙirƙira, Jarmai zai gane. Na buɗe baki, babu abin da zan faɗa, na rufe.

Shiru ya sauka a kan dutsen. Mai ganga ya ɗaga makaɗi yana duban Jarmai. Barden nan ya kai hannu ga takobinsa. Kowa a wurin ya ɗauka mai gida ne ya yanke, har ni. Jarmai ba ya buƙatar komai sai ya ci gaba da yin shiru na ɗan lokaci kaɗan, ya tsira da kansa.

Sai ya miƙa hannu ya riƙe makaɗin. Ya gyara tsayuwa, ya sauke murya yadda ake saukewa, ya ce: "Mai gida, na ji kwananku, na ji rayayyunku da matattunku. Me gida ya rasa, in kawo da hannuna?"

Nan take na gane abin da tsohuwa ke nufi. Ƙofar ƙarshe ta baƙo ce, shi ke buɗe ta, kuma abin da aka ambata masa sai ya kawo kafin ya yi wani abu. A duk dutsen nan ba wanda ya san da ita sai shi da Iya Kuluwa.

Na amsa bisa tsari, daga mafi muhimmanci zuwa ƙasa: "Gida ya rasa hatsi. Ya rasa gishiri. Ya rasa man fitila, da ƙyallen ɗaure rauni."

Sai ga muryar nan daga ciki, siririya, amma ta kai inda take so: "Malam Na-sani, ka bar ɗaya. Akwai wani yaro mai dogayen ƙafafu da ke share mini tsakar gida, ya fita bai dawo ba. Tun da ya tafi ba a share ta da kyau ba."

Jarmai ya sunkuyar da kai. Barden ya ce: "Ranka ya daɗe, sarki fa?" Jarmai ya ce: "Ka ji abin da gida ya rasa. Ka gaya wa sarki ina cikin gaisuwa." Ya kwance takobi ya ajiye a kan dutse, ya tuɓe takalmi, ya sa aka kawo buhun gero daga guzurin runduna, ya ɗora a kansa ya shiga. Mayaƙa suka dubi juna. Sa'an nan ɗaya ya ajiye mashi ya ɗauki gishiri, wani ya ɗauki tulun mai, har ƙofar ta yi musu kaɗan.

A tsakar gida Tunau na tsaye. Ba su rungumi juna ba, ba su ma gaisa ba. Tunau dai ya kama gindin buhun ya sauke wa wansa kaya. Jarmai ya durƙusa gaban tabarmar Iya Kuluwa, ita kuwa ta ce: "Ka makara, Kandarke. Kuma ka haɗiye rabin kalma a ƙofar rijiya, ina jin ka. Tsintsiya na inda ka bar ta."

Washegari da yamma sama ta washe, wata ya tsaya, masu ziyara suka cika hanya har gindin dutse. Sarki ya aiko a kamo Jarmai, manzannin suka tarar da shi yana shara a cikin hubbare, ba wanda ya yarda ya zama farkon mai tsallaka ƙofar da igiya. Yaƙin bai ƙare a ranar ba, ya ci gaba a wasu kwaruruka har ya gaji don kansa, amma ba a zubar da jini a Dutsen Shuɗi ba. Iya Kuluwa ta sha kunun geron nan, ta ga ƙarshen watan ziyara, sa'an nan ta cika, Jarmai ya gaji ƙofar.

Kafin ta cika na tambaye ta dalilin da ya sa ba ta gaya mini ƙofar ƙarshe ba. Ta ce: "Da na gaya maka, da ka tsaya kana gyara masa ita tun bai buɗe baki ba." Ban yarda da wannan hukunci ba, amma ba a jayayya da malami.

Na komo gida ta wata hanya, don kada in bi ta Garin Rakiya. Yanzu Cikakkiyar Gaisuwa tana kaina daga farkonta har ƙarshenta, kuma na lura matasan unguwa kan sauya lungu in sun hango rawanina. Ban damu ba. Wannan shi ne abin da idona ya gani, na faɗe shi a jere ban rage ba ban ƙara ba, Allah ya sa mu cika da kyau. Sai dai duk wanda na tsaya a ƙofarsa na tambaye shi abin da gida ya rasa, kada ya ce mini lafiya lau, domin ba zan tafi ba.